Na'urar damtse ta ce 58, gwajin yatsa ya ce 112: wanne za a bi a ɗakin kulawa ta musamman?

Sista Rabi: Assalamu alaikum 'yan gida. Daga aikin dare na dawo, barci ya ƙi zuwa saboda abin da ya faru da ni. Muna da wani dattijo mai ciwon suga, gyambon ƙafa ya kai shi, cutar ta shiga jini, awon jininsa ya faɗi aka ɗora shi kan noradirinalin, maganin ɗaga jini, ga insulin yana tafiya ta famfo. Tun daga gida ɗansa ya manna masa na'urar nan ta FreeStyle Libre 2 a damtse, mai auna suga dare da rana tana aika lambar zuwa waya. An bar wayar dattijon a gefen gado, shi kuma ɗan yana ganin lambar a tasa wayar daga waje. Wajen ƙarfe uku sai ga shi a bakin ƙofa hankali tashe, wai suga ya sauka 58, kibiya na kallon ƙasa. Na huda yatsa, gulukomita, wato na'urar gwada suga da ɗigon jini, ta ce 112. Na sake a ɗaya hannun, 108. Na dakatar da insulin, na kira likita, muka ɗebi jini ta jijiya muka aika lab. Sai bayan awa biyu sakamako ya dawo, 96. Ban ba da ruwan suga ba. Ɗan ya yi ta magana, wai na'urarsu daga ƙasar waje ya sayo ta, tamu ce ke ƙarya, kuma zan kashe masa uba. Na san tsoro ne ya sa shi, amma maganar ta tsaya min a rai. Manya, don Allah: na yi daidai ko na yi ganganci?

Matiron Asabe: Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da aiki. Kafin likitoci su shigo, amsa min abu biyu. A wane damtse na'urar take, kuma ta wane ɓangare kuka juya shi da ƙarfe biyu?

Sista Rabi: A hagu take, Mama. Juyin kuwa sai na duba takarda in na koma, abokiyar aikina ce ta juya shi da mai taimako.

Dakta Aminu: Sista kin yi daidai, kin dakatar da insulin, kin tabbatar, kin kira likita. Abin da ya kamata kowa ya fara riƙewa shi ne wannan na'ura ba jini take aunawa ba. Ɗan zaren da ke shiga fata yana zaune ne a cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki. Suga sai ya bar ƙananan jijiyoyi ya shiga wannan ruwan kafin ta gan shi, shi ya sa ko a mai lafiya take yin jinkiri na minti 5 zuwa 15. To ina ga wanda noradirinalin ya matse masa jijiyoyin fata? Amma kada wannan dare ɗaya ya sa mu yi watsi da ita. Ni ina goyon bayan na'urar.

Malam Isa na lab: Bari in ɗauki laifin ɓangarenmu tukuna. Sista, a wace kwalba kuka zuba jinin? In ba mai toka-tokan murfi ba ce, wato mai sinadarin fuloraid, to ƙwayoyin jini na ci gaba da cin sugan a cikin kwalba, kamar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 duk awa. Ga mai cuta a jini da fararen ƙwayoyi suka yi yawa, ga zafin garin nan, ai ya fi haka sauri. Jinin da ya fito da 110, ya zauna awa biyu ba a raba shi ba, zai iya zama 96 ɗin nan da kika gani. Ko mai fuloraid ɗin ma ba ta tsayar da cin nan take, tana ɗaukar awa ɗaya ko fiye kafin ta kama sosai. Ina ganin lab da yatsa bakinsu ɗaya a daren nan.

Sista Rabi: Malam, jar murfi ce. Babu mai tokar a ɗakin a lokacin.

Malam Isa na lab: To kin gani.

Baban Yusra: Ku gafarce ni, ni ba likita ba ne, a ofishin ajiye bayanan marasa lafiya nake, amma shekara 11 ina fama da ciwon suga kuma ina sa wannan na'ura. Sau biyu tana tashe ni da dare suga na 50 da wani abu, ban ji komai ba a jikina. Da ba don Allah ba sannan ita, da wani labarin ake. Shi ya sa na fahimci yaron nan. Abin da ya ga yana ceton mahaifinsa a gida wata da watanni, rana ɗaya a ce masa ƙarya take yi, ba zai yarda da sauƙi ba.

Dakta Hajara: Baban Yusra, Allah ya ƙara lafiya, maganarka gaskiya ce, kuma babu wanda ya ce na'urar banza ce. Jikinka ne ya bambanta da jikin wanda ke kan gadon nan. Kai kana tafiya, kana ci, jini na zaga fatarka yadda ya kamata. A kan irinku aka gwada ta aka ba ta lasisi.

Akwai ma'aunin da ake kira MARD, wato a matsakaici kashi nawa lambar na'ura ke kauce wa lambar lab. Dexcom G6, wata na'urar irin wannan, da Libre 2 duk suna wajen kashi 9 cikin 100 a mutanen da ke gidajensu. Da aka kai su ɗakunan kulawa ta musamman, binciken da aka yi a wurare daban-daban yawanci ya ba da sama da 10, wasu har sun wuce 13 ko 14. Mutum zai ce ai bambancin kaɗan ne. Matsalar tana cikin kalmar matsakaici. Awo goma su yi daidai, ɗaya ya kauce da kashi 40, matsakaicin zai fito da kyau, amma wannan ɗayan shi ne ya faɗo a kan majinyacinka da ƙarfe uku na dare. Kuma wurin da na'urorin suka fi rauni shi ne ƙasa, wajen 70 zuwa abin da bai kai ba, wato daidai inda muka fi bukatar gaskiya. Kuskuren 20 a kan 220 ba ya canza komai. Kuskuren 20 a kan 60 shi ne bambanci tsakanin a ba da ruwan suga da a bar ƙwaƙwalwa da yunwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba irin na Rabi ba ne. Ƙaryar ƙasa tana tada hankali ne kawai, a huda yatsa a gane. Ƙaryar sama ita ce mugu: na'ura ta ce 150 alhali yana 75, nas ta ƙara insulin da zuciya ɗaya, shi kuma yana kan injin numfashi, an ba shi maganin barci, ba zai yi gumi ko rawar jiki da za a lura ba.

Dakta Aminu: Ranki ya daɗe, na yarda da duk wannan, amma a duba ɗaya gefen. Insulin ta jijiya na bukatar awo duk awa ɗaya, in ya daidaita duk awa biyu. Mu faɗi gaskiya, a ina ake samun wannan a yankinmu? Nas ɗaya da gado uku ko huɗu, tsinken gwaji dangi ke saye, ƙarfe ɗaya na dare ya ƙare. Abin da ake rubutawa duk awa yakan koma duk awa huɗu. A tsakanin nan babu mai ganin komai. Na'urar da ke kaucewa da kashi 13 amma tana magana duk minti ɗaya ko biyar, ba ta fi duhu ba?

Kuma akwai hujja. A Biyana ta ƙasar Ostiriya, a 2010, an gwada a kan majinyata 124 da ke kan injin numfashi. Waɗanda ake ganin na'urarsu kai tsaye, mummunar faɗuwar suga ta same kashi 1.6 cikin 100, ɗaya rukunin kuwa kashi 11.5. Ba ta gyara matsakaicin suga ba, amma ta rage faɗuwar. Wani bincike a Amsterdam a 2014 ya nuna lokacin da nas ke kashewa kan awon suga ya ragu da kusan rabi.

Dakta Hajara: Aminu, a waɗancan ɗakunan akwai injin awon iskar jini a gefen gado, ana ɗibar jini daga jijiyar bugun jini ana daidaita na'urar da shi. Kai kana so ka sa ta ne a inda tsinke ya ƙare, wato inda babu abin tabbatarwa. Ba abu ɗaya ba ne.

Bari in koma baya kaɗan don ƙannenmu su san dalilin taka-tsantsan ɗin. A 2001 Farfesa Van den Berghe ta birnin Leuven a Beljiyam ta fitar da binciken da ya nuna matse suga tsakanin 80 da 110 ya rage mutuwa a majinyatan tiyata, daga kashi 8 zuwa 4.6. Duniya ta ɗauka. Sai a 2009 aka fitar da binciken NICE-SUGAR, majinyata 6,104 a Ostireliya, Niyu Zilan da Kanada. Waɗanda aka matse wa suga, kashi 27.5 suka rasu cikin kwana 90, waɗanda aka bari ƙasa da 180 kuwa kashi 24.9. Mummunar faɗuwar suga ta kai kashi 6.8 a rukunin farko, 0.5 a na biyu. Daga nan aka koma 140 zuwa 180 a ma'aunin mg/dL, wato 7.8 zuwa 10 ga masu lissafi da mmol/L. Faɗin nan da aka bari yana ba wa kuskuren na'ura wuri. In kana neman 160 ta kauce da 20, kana cikin aminci. Dattijon Rabi ma, 112 a kan insulin da ke tafiya ya riga ya yi ƙasa da inda muke so, dakatarwar da ta yi ita ce daidai ko babu wata na'ura.

Dakta Aminu: To ai wannan hujjata ce, ranki ya daɗe. In faɗuwar suga ce ke kisa, abin da ke yin ƙara kafin a faɗi shi muke bukata.

Dakta Hajara: A matsayin mai gadi, na yarda. A matsayin alƙali, a'a. Ta yi ƙara, ka je ka duba. Amma kada a ƙara ko a rage insulin da lambarta kaɗai ga wanda ke kan maganin ɗaga jini.

Famasis Ladi: Ina da abin da zan ƙara, kuma ya shafe mu fiye da Turawa. Kamfanin Dexcom da kansa ya rubuta cewa haidiroksiyuriya na sa na'urarsu ta nuna suga sama da gaskiya. Wannan shi ne maganin da masu sikila ke sha, kuma kun san yawansu a Gombe da Bauchi. Libre 2 kuma, bitamin C sama da miligiram 500 a rana na iya ɗaga lambarta. A nan bitamin C kamar goro ake rabawa, ga masu gyambo, ga masu ƙuna, wasu har ta jijiya. Farasitamol yana ɗaga lambar tsofaffin na'urorin Dexcom da na kamfanin Medtronic, G6 kuwa tana jurewa har giram 1 duk awa 6, in an wuce haka sai a kula. Duk waɗannan ƙaryar sama ce, irin wadda Dakta ta ce ta fi haɗari.

Sai ajiya. A jikin kwalin an rubuta iyakar zafi, wasu 25, wasu 30 a ma'aunin Salshiyos. A watan Maris da Afrilu garin nan yana wuce 40. Na'urar da ta kwana a but ɗin mota daga Kano, ko ta yi wata a shago ba sanyi, wa zai tsaya mata? Haka tsinken gulukomita, in an bar murfin gwangwaninsa a buɗe.

Malam Isa na lab: Tunda an taɓo gulukomita, kada a mai da ita waliyyiya. Yatsar wanda jininsa ya faɗi, ta yi sanyi, ta kumbura da ruwa, ita ma ba abin dogaro ba ce. Kuma yawancin ƙananan gulukomita suna nuna suga sama da gaskiya in jinin mutum ya yi ƙaranci. Duba majinyatanmu, nawa ne PCV ɗinsu, wato awon yawan jini, ya kai 30? Mace ta zubar da jini a haihuwa, yaro da maleriya, mai ciwon ƙoda. Ga irin waɗannan, a ɗebi jini daga jijiya a ɗiga a kan tsinken ya fi huda yatsa, in dai irin gulukomitar ta yarda da jinin jijiya. Kuma don Allah ba daga hannun da ruwan suga ke shiga ba. Na sha karɓar jini da 500 da wani abu, in bincika in tarar sama da inda ake ƙarin ruwa aka ɗiba.

Sista Jummai: Ni a ɓangaren yara nake, kuma can lissafin daban ne. Yaro ya zo da maleriya mai tsanani, yana suma, suga na iya zubewa cikin ɗan lokaci, balle in kwinin aka ba shi, don kwinin na sa jiki ya saki insulin. Alhamdulillahi yanzu maganin atesunet ne a gaba, ba kwinin ba. Mu in yaro ya canza, numfashi ya canza, ko ya fara jijjiga, ba ma jiran gardamar na'urori. Ruwan suga mai kashi 10, mil 5 a kowane kilo. Libre tana bukatar awa ɗaya bayan mannawa kafin ta fara magana, G6 awa biyu, kuma ranar farko ce ta fi kaucewa. Yaron da za a rasa cikin awa shida na farko, me za ta yi masa? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Dakta Aminu: Anti Jummai, haka ne, ba ta gaggawa ba ce. Haka mai shigowa da suga 600 ko 700, na'urorin suna tsayawa a 400 ko 500 su rubuta HI, ba su da amfani sai an sauko. Amma bari in kawo inda nake ganin babu kamarta: Lassa. Bauchi na cikin jihohin da suka fi samun ta kowace shekara, daga sanyi zuwa bazara. Mai Lassa da ciwon suga a ɗakin keɓewa, kowane awo sai an sa cikakkun kayan kariya, a huda fata, a taɓa jini, ga allura a hannu. Mun san ma'aikatan lafiya na kamuwa, wasu sun rasu. Irin wannan dalilin ne ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka a watan Afrilun 2020 ta bari a yi amfani da na'urorin a asibitoci lokacin korona, alhali ba don haka aka ba su lasisi ba. A rage shiga, a rage kashe kayan kariya.

Dakta Hajara: Nan kam na ba ka. Amma ka faɗi sauran labarin. Asibitocin da suka yi haka ba su jefar da gulukomita ba, haɗa su suka yi. A manna, a gwada da jini. In suga ya kai 100 ko fiye, bambancin kada ya wuce kashi 20 cikin 100. In bai kai 100 ba, kada ya wuce 20 a lamba. Ta ci wannan jarrabawa sau biyu a jere, sai a rage hudawa zuwa kamar duk awa 6. Da zarar ta nuna ƙasa, ko an ƙara maganin ɗaga jini, ko an kai shi tiyata, ko jikinsa bai yi kama da lambar ba, a koma jini. Ta Rabi a daren jiya 58 da 112, ta faɗi warwas, don haka a ajiye maganarta har ta sake ci. In za mu yi a nan, a rubuta wannan a manna a bango, kowace nas ta san shi. Kuma ga mai zubar jini, ko Lassa ko saran kububuwa irin waɗanda ake kaiwa asibitin saran maciji na Kaltungo, a tuna mannawar ma huda ce.

Baban Yusra: Ranki ya daɗe, roƙona ɗaya. In an kwantar da irinmu, a zaunar da dangi tun ranar farko a faɗa musu wannan. A ce na'urar babanku tana nan, muna kallonta, amma a halin da yake ciki da jini za mu yi hukunci, ga dalili. Da an yi wa yaron nan bayani da rana, da bai zo yana ihu da dare ba.

Matiron Asabe: Wannan aikinmu ne, kuma na karɓa. Wani abu kuma, ko a kashe ƙarar da ke zuwa wayar dangi, ko a yarda cewa wayar gefen gado nas ce ke da ita. Ba zai yiwu mutum yana waje shi kaɗai da lamba a hannu ba, ba ya ganin majinyaci, ba ya ganin famfo.

Dalilin tambayata ta farko kuwa, in mutum ya kwanta a kan na'urar, nauyinsa na hana jini zuwa wurin, sai ta nuna suga ya zube alhali ƙalau yake. Masu sa ta a gida sun san wannan, suna juyawa ta dawo. Namu ba sa iya juyawa, mu ke juya su duk awa biyu saboda gyambon kwanciya, mu bar su a kai. Ga abin awon jini da ke matse damtse duk minti 15.

Baban Yusra: Wallahi Mama haka ne, yana faruwa da ni in na kwanta ta hagu.

Sista Rabi: Na shigo aiki yanzu, na duba takarda. Ƙarfe biyu an juya shi hagu, a kan damtsen da na'urar take. Na roƙi ɗan ya nuna min zanen a waya: daga biyu da kwata layin ya fara gangarowa, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, bayan an mai da shi dama, ya hau zuwa 104. Na nuna masa lokutan biyu gefe da gefe, ya yi shiru, sannan ya ba ni haƙuri. Na ce masa babu komai, uba ne.

Dakta Hajara: Madalla. Amma kada ki rufe littafi, tunda kin dakatar da insulin a lokacin, shi ma yana da hannu a hawan. Yau ki mai da abin awon jini hannun dama, ki sa matashi ya ɗaga damtsen hagu in an juya shi. Duk sanda kika gwada da jini, ki rubuta lambar na'urar a gefe da adadin noradirinalin na lokacin. Bitamin C fa, yana kai?

Sista Rabi: Yana kai ranki ya daɗe, giram 1 a rana, saboda gyambon.

Famasis Ladi: To ki rubuta da jan biro a saman takardar, kuma ki gaya wa likitan da ke zagaye da safe. Ina zuwa ɗakin bayan azahar, zan biya ta lab in karɓo muku kwalabe masu tokar murfi wajen Malam Isa.

Malam Isa na lab: Na ware guda 20. A rubuta lokacin ɗiba a jikin kowace kwalba, kuma a aiko nan take, kada a jira a tara.